Takardar da Na Kawo Miki Ba Tawa Ba Ce

Zuwa ga hasken idona, ruwan sanyin ranar zafi, inuwar da ta janye daidai lokacin da rana ta take!

Masoyiyata, kin tuna ranar da ƙirji ya kama ni a bakin garejina, yara suka kwaso ni zuwa ɗakin gwajinku? Kika manna mini wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, yatsunki masu sanyi kamar raɓa. Na'ura ta amayo takarda, kika duƙa kanta. Ni ina kallon girarki, ke kina kallon zane.

Kika ce idan ɗan tudun ƙarshe na zanen ya kife, tsokar zuciya ce ke ƙishin jini. Idan layi ya ɗaga sama, ta ji rauni, amma ana iya ceto ta. In kuwa aka ga rami mai zurfi a farko, wani yanki ya riga ya mutu. Sai kika ɗora farce kan nawa ramin. Daga nan muka shaƙu, daga nan kuma kika gindaya mini sharaɗi: ba maganar aure sai na sha magani, na sake gwaji, likita ya duba.

Ni? Ni da na fara da sufana ɗaya a gindin bishiya, yau ake gaishe ni a tsugune? In kwanta a tuɓe ana leƙa ni kamar tsohuwar mota? Shi ya sa na tura ƙanena wani asibiti da sunana, na kawo miki takardarsa, fes, ba tabo. Ina laifin wanda ya so ki yi barci da kwanciyar rai?

Kallo ɗaya kika yi mata. Kika ce ramin ba ya gogewa, wanda ya mutu ba ya dawowa, wannan zuciyar wani ce. Kika cire zoben da na ba ki kika ajiye kan teburin na'ura, kika kira mai bin layi. Wayyo! Ko tsawa ta fi wannan tausayi, ita tana gargaɗi da walƙiya.

Ashe zanen allurar na'ura ya fi ni daraja a wurinki? Kin haddace kowace lanƙwasa a ƙirjina, amma ba ki taɓa karanta tsoron da ke fuskata ba. Tsoro nake ji, furen raina, ban taɓa gaya wa ko uwata ba.

Jibi zan zo. Zan bi layi kamar kowa, in cire rigata da hannuna. Amma kada ki turo abokiyar aikinki. Ke za ki manna wayoyin, ke za ki karanta, kuma in ramin ya ƙara faɗi, ki dubi idona ki faɗa.

Naki, da yankin da ya mutu da wanda ya saura, har ranar da zuciyar za ta tsaya, layin zanenta ya miƙe,
Mai garejin da kika sani.