Kada a Dafa Jar Shinkafar Inna

Assalamu alaikum Yaya Mukhtari,

Ina gaishe ka, da Inna da yara. Ya ƙafar Inna? Na ji ƙanwarmu Bilki ta sauka lafiya, Allah shi raya.

Ni alhamdu lillahi, Masar ta karɓe ni. Aikina a gonar bincike shi ne shayar da shinkafa ruwan gishiri da gangan, kuma a biya ni. Hannuwa sun ɗan tsattsage, amma wannan tsakaninmu.

Na tambayi shugabarmu, Dakta Salwa, mi ya sa wata ke ƙonewa wata na tsaye. Ta ce gado ne a cikin ƙwayar irin. In gishiri ya taɓa saiwa sai gadon ya farka, wata ta tura shi waje, wata ta kulle shi a tsofaffin ganye. Irin wannan suke nema ido rufe.

Sai na tuna jar shinkafar Inna, wadda ita kaɗai ke yin kyau a gefen fadamarmu ta Amarawa, inda ƙasa ke fari saboda gishiri. Ban ce wa Dakta komai ba tukuna. Na sayar da albasa a Illela, na san lokacin kwance buhu.

To, Bilki ta ce ragowar jar da Inna ta ajiye a tulu za a dafa ran suna. Yaya, don Allah ka hana. In an cinye, irin ya ƙare. Ka sayo ta kanti a Ƙwanni, in mai ya ji baƙi ba su ganewa. In Inna ta yi gardama, ka ce na yi mafarki. Ba ta taɓa musu da mafarki ba.

Ƙaninka,
Mannir