Abin da Gensuke ya rubuta a hannunsa

Morioka,
19 ga Agusta.

Zuwa ga Yayana Tadayoshi,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Fumiko da yara duka. Kullum da safe idan na kunna turare gaban hoton Baba da Inna, sai na roƙa maka lafiya da tsawon rai, na roƙa wa ƙafar nan taka sauƙi. Mu nan zafi ya matsa mana, shinkafa kuwa ta yi kyau bana. Makon jiya muka je muka wanke kaburbura kamar yadda aka saba, ni da maigidana Shozo, muka zuba ruwa har da rabonka. Shozo ya ce in gaya maka garin kofin da ka aiko daga Brazil ya iso, wai ya fi ƙarfin cikinsa, amma kullum sai ya sha kofi biyu.

Yaya, maganar autanmu Gensuke ce ta sa na ɗauki alƙalami, don na gwada faɗa maka a waya sau biyu, harshena ya ƙi. Ranar Alhamis da ta wuce na je Sendai kallon wasansa na kokawa, daren ƙarshe na rukuninsu a gasar bazara. Ka san yadda abin yake, mutum takwas a rukuni, kowa ya kara da kowa, wanda ya fi maki ya wuce wasan ƙarshe a Tokyo. Gensuke da shekararsa arba'in da tara yana can ƙasan jeri, maki biyu kawai gare shi. Wanda zai kara da shi wani matashi ne mai suna Reiji, ɗan shekara ashirin da shida, wanda Gensuke da kansa ya koya wa yadda ake faɗuwa ba a karya wuya ba. Idan Reiji ya ci, shi zai tafi Tokyo.

Da rana mun ci taliya mai sanyi tare kusa da tasha. Ba sai na ɓoye maka abin da duk iyalin ɗan kokawa suka sani ba, tun kafin a hau dandali an gama shirya wanda zai kwanta. Gensuke ya rage murya ya ce min kada in tayar da hankalina yau, abin mai sauƙi ne: Reiji zai ɗaga shi ya maka da ƙasa, ya ɗaga kafaɗa a ta farko don mutane su ji daɗi, a ta biyu kuma ya kwanta a ƙirga masa uku, a tashi. Har yana tsokanata, wai, "Ke dai Yaya ki jefa takardunki daidai, bara a ƙeyar alƙali kika sauke su, tsohon har yau yana nemanki." Na ce masa ya ci abincinsa ya daina surutu, ƙato da shi yana zubar da romo a riga. Amma sau biyu ya tambaye ni jirgin ƙasan ƙarfe nawa na hawo, kuma sau biyun na ba shi amsa.

Takardun da yake nufi su ne naɗe-naɗen zirin takardar nan masu launin shuɗi da ake jefa masa idan an kira sunansa. Tun da Inna ta rasu ni na gaji aikin. Kwana uku na yi ina cire kwalin da ke tsakiyar kowane naɗi ina sake naɗe su yadda ta koya min, don kada su bugi mutum. A da sai ta naɗe ɗari biyu su ƙare tun a bakin ƙofa. Bana arba'in na yi, kuma sai da na roƙi mutane su karɓa.

Wasanni huɗu aka yi kafin nasu, ban iya gaya maka wanda ya ci ko ɗaya ba. Da aka kira sunansa muka jefa, shuɗin ya zubo a kansa, ya ɗaga hannu ɗaya kamar yadda ya saba shekara talatin da biyu. Minti goma sha biyu na farko komai ya tafi daidai. Reiji ya maka shi ta farko, ya ɗaga kafaɗa, zaure ya ɗauki tafi. Aka zo ta biyu, na fara tattara jakata. Tsoho Kumagai alƙali ya bugi ƙasa ɗaya, ya buga biyu, sai na ga kafaɗar Gensuke ta tashi.

Yaya, ban taɓa jin ihu irin na wannan lokacin ba. Mutum dubu uku suna buga ƙafa suna kiran sunansa. Wani mutum kusa da ni, da rigar ofis da gwangwanin giya a hannu, ya kama ni yana girgizawa, yana cewa, "Mama, kin gani? Tsohon nan ya ƙi mutuwa! Namiji ke nan!" Ni kuwa fuskar Reiji nake kallo daga layi na uku, na ga ya ruɗe. Ya sunkuya kamar zai ja gashin Gensuke, na ga bakinsa yana motsi a kunnensa. Ya sake maka shi, a hankali wannan karon, ni na gane ko da sauran ba su gane ba. Kumagai ya ƙirga, kuma ka san alƙali ba ya buga uku alhali kafaɗa tana sama kowa yana gani. Gensuke ya sake tashi. Sau huɗu aka yi haka, duk tashi ɗaya ihun yana ƙaruwa, shi kuma idonsa yana yawo a kan fitilu, ba ya kallon kowa. A ƙarshe Reiji ya zagaya bayansa ya shaƙe shi har jikinsa ya saki, Kumagai ya yi wa mai ƙararrawa hannu. Yaron ya ci, amma ya durƙusa ya kafa goshi a ƙasa yana kuka, mutane suna tafa masa wai ya girmama malaminsa.

Na same shi a ɗakin canja kaya zaune a benci, tawul a kansa, yana murmushi. Ya ce min ya ji muryarka. Wai duk sanda Kumagai ya buga biyu sai ya ji kana cewa, "Tashi mana, rago!" irin yadda kake yi masa a kan tabarmar ɗakin Baba lokacin da kake danne shi yana yaro. Sannan ya tambaye ni ko Inna ta samu wurin zama mai kyau, don ba ya so a sa ta kusa da lasifika. Inna da muka binne tokarta shekara uku ke nan, shi ya ɗauki tulun tokar da hannunsa. Reiji yana tsaye bakin ƙofa ya kasa shigowa, sai maimaitawa yake, "Yaya Sumie, ki yafe min, na yi ta gaya masa, kallona kawai yake kamar bai san ni ba."

Na ari almakashi na zauna ina yanke masa farin filastan da suke naɗewa a wuyan hannu. A na hagu, ta ciki inda ba mai gani, na ga rubutu da baƙin alƙalami, gumi ya fara cinye shi: ta biyu, ka kwanta. Na juya na dama. An rubuta: Yaya Sumie ta zo, layi na uku. Rubutunsa ne, irin karkataccen nan da malamai suka yi ta dukansa a kai. Ashe ya san mantuwa ta kama shi. Kumagai ya ja ni waje ya ce tun bara ya lura da rubutun, ya yi shiru don yana jin kunyar tona abokinsa. Na so in zage shi, sai na tuna ni ma tun hunturu nake ganin alamu ina cewa gajiya ce.

Washegari na kai shi asibiti da dabara, na ce wuyansa za a duba. Likita ta ɗauki hoton kansa, ta ce duka ɗaya mai kyau zai iya zama na ƙarshe, ko da bai mutu ba. Gensuke ya yi mata godiya, muna fita ya ce likitocin yanzu duk matsorata ne. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, wasan ya yi suna. Jaridun wasanni sun buga hotonsa, masu kamfanin kokawar kuma sun sa ranar sake karawa da Reiji, goma sha biyu ga Oktoba. Na je na same su, suka ce in dai shi ya ce ya ajiye kokawa, ba za su hana ba. Na yi masa magana, na yi kuka, na yi faɗa, ya ce ni mace ce mai yawan tsoro tun muna yara. Ya ce mutum ɗaya ne zai ce ya sauka ya sauka.

Ka san wanda yake nufi. Kai ka sa hannu a takardar shigarsa kokawa yana ɗan shekara goma sha bakwai lokacin da Baba ya ƙi, kai ka raka shi Tokyo da jaka ɗaya, kuma a gabanka ya yi alkawarin duk ranar da ka ce ya isa, ya isa. Abubuwa da yawa sun zube masa, wannan bai zube ba. Kada ka ce min za ka kira shi a waya, zai ce to, kafin gari ya waye ya manta. Shekara tara rabonka da gida, ko ranar Inna furanni ka aiko, ban ce komai ba don na san gona ba ta barin mutum. Yau ina cewa. Ka bar wa Kenzo girbin, ya girma. Ka zo ka zauna gaban ƙaninka, ka gaya masa ya halatta ya kwanta, tunda muryarka ce take tashinsa.

Ka gaida min Anti Fumiko, da Kenzo da matarsa, da Emi da jaririnta da ban gani ba tukuna. Shozo yana gaishe ka, haka ma Goggo Tomi, wadda ban gaya wa komai ba. Na sa filastan biyu a cikin ambulan ɗin nan, ka yi haƙuri da warin gumi, ban iya wanke su ba. Shekaranjiya na nuna masa hoton nan naku da aka ɗauka a tashar jirgi, nan take ya ce, "Ga Yaya nan da mugun askinsa." Har yanzu bai fara rubuta sunanka a hannu ba. Ka zo kafin ya fara.

Ƙanwarka da ke jiran amsa,
Sumie.