Kada Ki Ci Ƙwan Tsibiri

Daga Babban Shugaban Masu Binciken Teku na Hainan, zuwa ga Malama Hailan, matar Malam Pu, a Lanzhou. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, muna fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Allah ya sauke ki lafiya, amin. Ofishinmu ya tabbatar cewa mahaifiyarki tana nan ƙalau, sai ciwon gwiwa, kuma agwagin gidanku sun ƙaru da biyar.

Dalilin wannan takarda shi ne tulun ƙwan tsuntsayen teku, guda ashirin cikin gishiri, da aka aika miki kamar yadda ake yi wa kowace mai ciki 'yar unguwarku ta nan gida. Kada ki ci. In kin fara, ki dakata. Ma'aikaciyarmu, Malama Gao, ta ɗebo ƙwai daga tsibirin dutsen da aka samo naki ta auna, ta tarar da dafin ruwan masana'antu a cikin gwaiduwa, fiye da abin da jikin mutum zai ɗauka. Ta ce daga ruwa yake shiga kifi, daga kifi ya shiga tsuntsuwa, ita kuma ta juye shi cikin ƙwanta ba ta sani ba. Gishiri ba ya kashe shi, wuta ma haka.

Ƙaninki ne ya zaɓo su ɗaya bayan ɗaya, ya saka a bokitin ruwa yadda kakanku ya koya masa: wanda ya nutse mai kyau ne, wanda ya taso a mayar. Duk sun nutse. Makon jiya ya koma tsibirin. Lokacin ƙyanƙyasa ya wuce, amma iyayen suna nan kwance kan ƙwai, ba kukan ɗan tsako ko ɗaya. Ya taɓa wani, ɓawon ya lotsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Inna ta ce surutun 'yan boko ne, wai da ƙwan nan ta haife mu duka, har da shaƙiyyin autanta. Amma tun ranar take zama bakin ƙofa tana kallon teku, shinkafarta na hucewa a kwano.

A gaida Malam Pu da surukarki Hajiya Ma. Goggo Jiang tana gaishe ki.

Yaya, babu wani shugaba, amma Malama Gao da awonta gaskiya ne. Na san in na fara da sunana za ki ce wasana ne, kamar ranar da na sa miki ƙaguwa a takalmi. Ki zage ni son ranki, ki kira ni mai kan kwakwa. Amma don Allah ki rubuto ki gaya mini guda nawa suka rage a tulun.

Ni ne na zaɓo su, ni ne kuma na rubuta wannan.

Ƙaninki,
Yunusi