Batir a But, Babu Fiyus

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu rewaya, masu gyaran wayoyin mota, na Minna,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, sunana Garba Isa, direban haya tsakanin Minna da Beji. Ko in ce tsohon direba, tunda yanzu a kan bencin tasha nake wuni ina kallon motocin mutane. Sau biyu ina zuwa ofishinku, ana sallamata da haƙuri da ruwan leda. Shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Na ɗaya. Ɓarayin batir sun addabe mu a Shango, har suka ɓalle mini bonet a ƙofar gida. Wani ɗan ƙungiyarku, mai katinku rataye a shagonsa, ya ba ni shawara a mayar da batir cikin but, inda akwai makulli mai ƙarfi. Ya ja jar waya mai kaurin ɗan yatsa daga but, ta ƙarƙashin kujerar baya, har gaban inji. Bai sa mata fiyus ba. Ni kuma ban tambaya ba. Tuƙi na sani, da na san waya me zai kai ni wurinsa?

Na biyu. But ɗin direban Beji ba na ado ba ne, mai rewayan ma ya san haka. Doya muke lodawa har murfi ya ƙi rufuwa. Kaya suka yi ta danne wayar tana gogar ƙarfe, har robarta ta saɓule. Wata ranar kasuwa bayan la'asar, dab da Maikunkele, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin kujera. Na taka birki, na zare makulli, amma wutar ba ruwanta da makulli, domin kai tsaye take fitowa daga batir, batir kuma yana binne ƙarƙashin doya. Kowa ya fita sai Mama Ladi, mai sarin doya da na shekara bakwai ina ɗauka, wadda ke zaune a tsakiya. Zaninta ya kama. Yau da sanda take tafiya, kasuwa kuwa ta bar ta. Motar ta ƙone ƙurmus muna tsaye muna watsa mata ƙasa.

Na uku. Wani dattijon mai rewaya a Bosso ya duba gawar motar ya yi mini bayani. In an kai batir baya, dole a sa babban fiyus a kan jar wayar, kusa da kan batir, kada ya wuce taƙi ɗaya, a kuma sa roba a duk ramin da waya ta ratsa ƙarfe. Fiyus ɗin da ke gaba wajen inji ba ya kare wayar da ke bayansa. Da an yi haka, fiyus ne zai tsinke, mu sauka mu tura mota muna tsaki.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai. A zaman da aka yi a ofishinku, mutumin nan bai musa ba. Cewa ya yi fiyus yawan tsinkewa gare shi, direbobi su dawo da ƙorafi, don haka ba ya sa shi, inda ya tarar da shi ma sai ya ɗaure da silin waya. Sakatarenku ya gyaɗa kai, aka ce ƙaddara ce, in yi haƙuri. Ranka ya daɗe, ba a ofishinku zan koyi imani da ƙaddara ba. Amma abin da mutum ya sani ya tsallake don gudun ƙorafi, sunansa ganganci. Kuma yadda babu wanda ya yi mamaki a ɗakin nan ya nuna mini ba shi kaɗai ke yi ba.

Ni ma ina da nawa laifin. Kafin gobarar na yaba aikinsa, na tura masa direbobi uku. Biyu na same su, an sa musu fiyus a gabana. Na ukun ya sayar da motar ya koma garinsu, lambarsa ba ta shiga.

Don haka ina roƙo. Ku haramta wa 'ya'yanku mayar da batir baya babu fiyus, ku karɓe katin duk wanda ya yi. Ku tashi ƙafa da ƙafa ku je ku duba Mama Ladi, har yau ba wanda ya je daga cikinku. Ku sa mutumin nan ya zauna ya tuno kowace motar da ya taɓa, a yi cigiya a tashoshi da masallatai da coci-coci. Ita motar da aka sayar fara ce, gilashin bayanta a tsage. An ce wani malamin makaranta ne ya saya, da ita yake kai 'ya'yansa kowace safiya, a kujerar baya suke zama.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon faɗa wa naka gaskiya, ya tsare ka da ganin abin da na gani.

Wassalam.

Garba Isa,
Shango, Minna.