Jan Zaren da Ke Cikin Ambulan

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba? A gaida Yaya da Auta. Ni lafiyata ƙalau.

Inna, kada ki yar da jan zaren da ke cikin ambulan ɗin nan. Tsawona ne.

Tsohuwar da nake yi wa hidima ce ta auna ni. Da na zo, kaina a kafaɗarta yake. Shekaranjiya ina tashinta daga kujerar wanka, sai ta ɗaga kai ta dube ni, ta ce, "Ke 'yar nan, ina komawa ƙasa kina yin sama. Wa ya ba ki izinin wuce ni?" Ta sa na jingina da bango, ta yanko zaren saƙarta. Wallahi ban yi ɗage ba.

Ɗaga ta sau biyar a yini ba wasa ba ne. Bayana yakan yi tsami, amma yana saki. Damatsana kuwa sun cika, har hannun rigar da kika ɗinka mini ya fashe.

Na san tun ciwon da na yi ina ƙarama kike tsoron na tsumbure, shi ya sa kike cewa in dawo, aikin ya fi ƙarfina. Don Allah ki bar ni in ƙarasa shekarar. Ki kara zaren a jikin ƙofar ɗakinki, inda Baba yake yi mana alama. In ya wuce layin Yaya, ki kira ta ta gani da idonta.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Guntuwa, kafin ku sake mini suna