Carbi Biyar a Ruwan Randa

Litinin, 6 ga Mayu, 2002

Yau na buɗe sitidiyon Baba, Malam Ɗantani mai hoto, a Treichville, kwana hamsin da biyu bayan rasuwarsa. Shekara uku rabona da yin aiki a nan, tun ranar da na kama aiki a labo na hoto mai kala a Adjamé, ya ce mini na zama yaron inji.

Fim ɗin da na ɗauke shi yana cikin durowa, ba a wanke ba. Mutumin da ya ɗauki rabin Treichville hoto, shi ba shi da ko ɗaya. Sai da ciwo ya ci ƙarfinsa ya aika a kira ni, ya zauna bakin taga da hularsa, na ɗauke shi sha biyu. Ya ce na ƙanwarsa Barakatu ne da ke Tibiri, shekara arba'in da ɗaya ba ta gan shi ba. “Zane za ta ƙirga kafin ta yarda ni ne. Shida nan, bakwai nan. A ruwana za ka wanke, ban da injinku.”

Zanen Gobirawa da ya nutse cikin tamoji! Ruwan wankin kanti lallashin fuska yake yi, ya shafe komai. Nasa na haɗin gida shi ke fitar da kaifi. To na samo littafinsa na haɗin sinadaran, da ajami: metol da sulfit a kwalba ta fari, karbonat a ta biyu. Ɗaya, ɗaya, ruwan randa goma. Wajen lokaci kuma ya rubuta: “Carbi biyar.”

Carbi biyar! Ga agogo rataye a bango shekara talatin. Haba Baba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Fim uku irin wannan suka rage a shagon, kuma ba a kawo su yanzu. Na ɗora hularsa a kan kujera bakin tagar, na ƙarar da su a kanta. In zaren aikin hula ya fito ɗaya-ɗaya, zane zai fito. Na yanka kowanne uku cikin duhu. Gwaji tara ke nan, babu na goma.

Na farko: na zuba ruwa a kiv, gwangwanin wankin, na ja carbinsa sau biyar da istigfari. Minti huɗu da ɗan wani abu. Negatif ya fito fari fat, hular kamar fatalwa. Ko ni aka yi wa wannan tarkon?

Asabar, 11 ga Mayu

Na ajiye carbi. Mu da muka yi karatun aikin da agogo muke yi. Ruwan famfo, girgiza kowane rabin minti kamar yadda aka koya mana. Minti bakwai, goma, sha huɗu.

Bakwai ya yi rauni. Goma ya yi tsakuwa-tsakuwa kamar garin rogon aceke. Sha huɗu baƙi ƙirin. Saura biyar.

Raina ya ɓaci har na manta da jakata a jirgin ruwan lagun, sai da na koma tashar jirgin na yi ta cacar baki da mai tikiti.

Talata, 14 ga Mayu

Yaya Harisu ya biyo daga port, tashar jiragen ruwa, da rigarsa ta aikin fiton kaya. Asabar 25 zai kama hanyar Nijar, shi zai kai hoton.

“Lukumanu, faut laisser ça, ka bar abin nan. Ka kai labo, awa ɗaya an gama. Tsohon ya tafi, wa zai faɗa masa?”

Na ce injinmu na kala ne, in ya haɗiyi wannan fim fari zai tofo shi. Ya ce to a nemi wani mai sitidiyo. Na ce wa? Waɗanda ke wanke na fasfo a ruwa ɗaya har ya koma kamar shayi?

“Kai da shi duk ɗaya kuke. Taurin kai.”

Wannan ce ta fi ƙona mini rai. Ni da shi ɗaya? Ni ina rubuta abu yadda ɗan Adam zai gane.

Laraba, 15 ga Mayu

Ban taɓa komai ba. In na taɓa fasawa zan yi.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na sa ma'aunin zafi a ruwan famfo: ashirin da tara. Na cika tsohuwar randar da ke bayan ƙofa jiya, yau ta ba ni ashirin da huɗu. Ashe randar ba ƙauyanci ba ce. To, na ba shi wannan ɗaya.

Da ruwan randa: minti tara, sha ɗaya, sha uku. Sha ɗaya ya kusa. Duhu da haske daidai, amma a gilashin ƙara girma zaren hular ya manne da juna, gefen taga ya ƙone. Wani abu ya rage da bai rubuta ba. Saura biyu.

Kullum haka yake. Ina yaro in na tambaye shi sai ya ce, “Zuba ido.” Cikin duhu zan zuba ido?

Lahadi, 19 ga Mayu

Na zuba fiksatar, ruwan da ake zubawa a ƙarshe, kafin ruwan wanki. Ni, da hannuna. Ina ta yi masa faɗa a zuci na ɗauki kwalbar hagu a madadin ta dama. Fim ya fito tas kamar gilashi.

Da fim ɗinsa ne fa?

Na zauna a ƙasa. “Garaje, Lukumanu, garaje.” Har muryar nake ji, kuma babu wanda zan mayar wa magana. Saura ɗaya.

Talata, 21 ga Mayu

Na je Williamsville gaida Inna. Tana takaba, ba ta fita. Ban yi niyyar faɗa mata ba, don ita ma lokacin rigimar bayansa ta bi, kuma me ta sani a hoto? Amma ta ga carbin a hannuna.

“Auta, mi kaka yi da tasbahar Malam?”

Na zazzage mata duka, har da cewa mugunta ce mutum ya bar wa ɗansa lissafin da babu mai iya warwarewa. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce in ja ta gani. Na ja.

“Wannan ba istigfari ba ne, ƙirgan goro ne. Malam ba shi sakin ɗiyan tasbaha sai ya cika kalma ya numfasa.”

Shekara talatin da takwas tana zaune bayansa da asuba yana ja. Kuma kafin a samu shagon, a ɗakinta yake wanki, ita ke riƙe masa labule. Ta ce kiv ɗin ajiye shi yake a ƙasa, ba ya taɓawa sai ya kai kan liman, dogon ɗan carbin nan, sai ya juya shi sau ɗaya a hankali ya mayar.

Sau ɗaya a kowane zagaye! Ni ina ta kaɗa shi kamar mai dama fura. Shi ya sa. In aka bar ruwan ya kwanta, yakan gaji a wajen haske ya ci gaba da aiki a wajen duhu, sai bakin kowane layi ya tashi. Na karanta wannan, na ci jarrabawa a kansa. Ban kawo shi a raina ba.

Me ya hana shi rubuta layi ɗaya? Layi ɗaya tak!

Laraba, 22 ga Mayu

Na ɗora gwajin ƙarshe a kiv, na ɗauko kwalabe a tasin woro-woro har gida. Ruwan randar Inna, ashirin da huɗu shi ma. Ita ta ja, ni ina kallon agogo. Wallahi a zagaye na biyu kamar in fizge carbin. Ƙafata sai kaɗawa take, ta ɗora hannu a gwiwata ba ta daina ja ba.

Minti sha ɗaya da daƙiƙa ashirin. Juyi biyar.

Zaren hular ya fito ɗaya-ɗaya, har inda ya farke Inna ta ɗinke da wani zare.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na wanke nasa. Na miƙa wa Inna carbin ta ce a'a, ni aka bar wa. Ta zauna bayana. Na ja. Sau biyu kawai ta ce, “Numfasa.”

Ban iya dubawa ba sai da ya bushe.

Juma'a, 24 ga Mayu

Na buga hoto na bakwai cikin sha biyun, babba. Yaya Harisu ya zo karɓa yana sauri kamar kullum, ya ɗaga hoton wajen taga. Na ga yatsansa yana bin kuncin. Shida. Ya koma ɗayan. Bakwai. Ya ce ƙurar shagon nan ta shige masa ido, ya fita waje.

Hoto na sha biyu bai dace a aika ba. Baba ya ɗaga yatsa, baki a buɗe. Na tuna: na kai hannu zan danna tun bai gama gyara zama ba, yake ce mini in tsaya. Ban ma san na danna ba. Na buga ƙarami, don gwajin takarda ne kawai. Yana jikin bango ƙarƙashin agogo, babu wani wurin ajiyewa.

Na buɗe littafinsa don in rubuta lokacin yadda ya kamata, kada wani ya sha wahalar da na sha. Na rubuta sha ɗaya da ashirin, ruwa ashirin da huɗu, juyi biyar. Har yanzu ina nan a kan bakana, ya kamata ya rubuta.

Da la'asar wata mata ta zo, ta ga shago a buɗe, tana son hoton mahaifiyarta baƙi da fari irin na Malam Ɗantani. Na ce ni a Adjamé nake aiki. Sai kuma na ce ta zo da ita Lahadi da safe, lokacin da haske ke kan tagar.

Carbin yana aljihuna. Na aiki ne. Bayan sallah na ja biyar ban kalli bango ba, don in gani kawai. Da na ɗaga kai, sha ɗaya da sha biyar.

Saura daƙiƙa biyar, Baba. Ka yi haƙuri da ni.