Hotunan Auta da Aka Yanke wa Hannuwa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ya kuma kawo miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan alhamdu lillahi. Babban yarona ya koma bakin aikinsa, matarsa ta yaye yarinya, sai Auta da ni a gida kamar kullum.

Yaya, na rubuto ne kafin Baffan yara, ƙanin marigayi maigidana, ya riga ni da nasa labarin. Kin san shekara shida ke nan tun rasuwar maigidan, ni da Auta muke riƙe da shagon kafinta. Muna ɗakin baya muna fama da zarto da guduma, Baffa yana gaba kan kujera yana karɓar yabo, wai mutane ba za su kwanta a gadon da mace ta haɗa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na haƙura, don ni ma na ɗauka haka duniya take.

To, Auta ta koyi ɗaukar hoto. Sai ta kafa kyamara a kan ƙafa uku, ta saita, ta rugo ta tsaya kafin ta ƙyasta. Kanta kawai take ɗauka, cikin tsohuwar rigar aikin ubanta, garin katako har cikin gira, hannuwanta a gaba da kantarsu da tabon da zarto ya bar mata a babban yatsa. Da fari na ce mata wannan wauta ce, mace ta ɗauki kanta a hargitse kamar an koro ta. Ta ce ai so take ta ga fuskar wadda ke yin aikin. Hotuna goma sha biyu ta tura ɗakin karatu, suka yarda za su baje su a zaurensu.

Nan Baffa ya yi tayin kai su wurin mai wankin hoto, shi zai kai su zauren da kansa. Har na sa masa albarka, Allah ya yafe mini. Ranar buɗewa muka shiga, Yaya, sai muka ga abin da aka yi. An yanke kowane hoto, an bar daga ƙirji zuwa sama kawai, babu hannu, babu zarto, babu katako. Mai wankin hoton, da bai san komai ba sai gyaran amare, ya goge ƙurar, ya ƙara mata haske har ta koma kamar 'yar tsana, ya shafa mata jan baki. Baffa kuwa yana tsaye yana washe baki, wai ya rufa mana asiri, yanzu ma ta yi kyan da za ta samu miji. Tir da wannan rufin asiri! Mutumin da ko ƙusa ba ya iya bugawa a miƙe.

Auta ba ta yi kuka ba, sai ta fara sauke hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta ce mini ta daina hoto har abada. Wannan ne ya fi mini ciwo. Ni da ban taɓa magana a taro ba, na ji bakina ya buɗe. Na gaya wa mutanen abin da aka yanke, na ce duk wanda ya sayi gado ko kujera a shagonmu cikin shekara shidan nan, aikin hannun wannan yarinya da nawa ya saya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani mai makaranta da ke wurin ya soke aikin bencinan da ya ba mu don ya ji mata ke haɗa su, kuma na ji ƙyamarsa fiye da ta Baffa, don ɗalibansa sun shekara uku a kan teburanmu ko ɗaya bai girgiɗa ba.

Washegari muka jawo teburin aiki zuwa bakin ƙofa. Amma Auta ta ƙi taɓa kyamara kwana tara. A na goma na ɗauko ta da kaina, na ce ta nuna mini inda ake dannawa. Sau huɗu ina rugawa ina makara, tana dariya har da riƙe ciki, daga ƙarshe ta ƙwace ta gyara mini saitin. Hoton da ke cikin ambulan ɗin nan nawa ne, ni na ɗauki kaina. Za ki ce na tsufa, na sani. Ki dai duba hannuwan da kyau, shekara shida ina ɓoye su cikin mayafi har a gabanki.

Ki gaida maigidanki, da Gwaggo, da 'Yan Biyu da iyayensu. Auta tana gaishe ki.

Taki ƙanwa,
Maman Auta